Maganin da Ya Tsaya a Kan Faranti

Mu na Allah ne, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, Allah Ya karɓi ran abokiyar aikina, yayata da ba ciki ɗaya muka fito ba, malamar kimiyyar sinadarai wadda ɗalibai suka laƙaba wa suna Malama Mai Ganye. Ta rasu a gadon asibiti bayan doguwar jinyar rauni a ƙafa. Ta bar mahaifiyarta da ta manyanta, da mijinta, da 'ya'ya uku, da ɗalibai masu yawa da har yanzu suke tsayawa a ƙofar ofishinta kamar za ta fito.

Abokan aiki sun ce ni ya kamata in rubuta wani abu, tunda ni na fi kowa daɗewa da ita a ɗakin gwaji. Na yi ta ƙoƙarin in yi magana a kanta kamar yadda ake yi wa wanda ya tafi, abin ya gagare ni. Don haka, Yaya, da ke zan yi magana, yadda muka saba.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ban daɗe da kama aiki ba, an ba ni ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, kusa da famfon nan da ba ya daina ɗiga. Ina goge tebur sai ga ki kin turo ƙofa, da farar rigar aiki wadda hannunta ya rine da ruwan ganye, kina riƙe da 'yar kwalba kamar ta turare. Ko sallamarki ban gama amsawa ba kika ce, "Ke ce mai kiwon ƙwayoyin cuta? To ga abinci na kawo musu, mu ga ko zai shaƙe su." Na yi dariya, na karɓa. Ban san wannan 'yar kwalba ce za ta ɗaure ni da ke sama da shekara goma ba.

Ga wanda bai san aikinki ba, ga yadda kike bayyana shi ga sababbin ɗalibai. Ƙarfe idan ya haɗu da iska yakan sauya kama, kamar yadda tsatsa ke fitowa a jikin tsohon bokiti. Idan aka samar da irin wannan abu daga zinki ko daga tagulla, ya fito gari mai laushin da ido ba ya iya ganin ƙwayarsa ɗaya, sai ya sami wani ƙarfi da ba shi da shi a da: yana iya huda ƙwayar cuta ya kashe ta. Tun da daɗewa ana haɗa wannan gari, amma da sinadarai masu ƙona fata da shaƙe numfashi. Ke kuwa da ganye kike yi. Ki tsinko ganyen gwaiba, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki daka, ki tafasa, ki tace. Sai ki riƙa ɗiga ruwan a cikin ruwan gishirin ƙarfe, kina juyawa a hankali har launi ya juye, laka ta kwanta a ƙasa. Wannan lakar kike wankewa, ki busar, ki gasa a tanda, wato na'urar gashi mai aiki da lantarki. Na zinki ya fito fari tas, na tagulla ya fito baƙi ƙirin.

Na taɓa tambayarki abin da ya sa kika bar hanyar da kowa ke bi, kika zaɓi wahala. Sai kika ja ni zuwa taga, kika nuna mini kwatar da ke bayan gininmu, inda ruwan wanke-wanken ɗakunan gwaji ke fita. Ciyawa ba ta tsirowa a gefenta. Can gaba kaɗan, wajen katanga, kwatar tana ratsa layin masu gyaran babura, yara suna tsallake ta da takalman roba. Kika ce ba za ki iya haɗa magani a cikin ɗaki ba alhali kina zubar wa maƙwabta guba ta taga. Kika naɗe hannun riga kika nuna mini tabon ƙuna a wuyan hannunki, tun kina ɗaliba. 

An sha yi miki ba'a. Warin dafaffen ganye yakan cika barandar duka, har shugaban sashe ya leƙo ya ce, "Malama, boka muka ɗauka aiki ne ba mu sani ba?" Ke kuma ki ce masa ya kawo ciwonsa, farashi mai sauƙi ne. Wasu na yi da wasa, wasu kuwa har cikin ransu suna ganin aikin mata ne kika shigo da shi makaranta, tukunya da turmi. Kin san masu yi da gaske, amma ban taɓa jin kin ambaci sunan ɗayansu da mugun baki ba.

Nawa aikin shi ne gwaji. In shimfiɗa ƙwayoyin cuta a kan ɗan farantin gilashi, in huda rami a tsakiya, in zuba garinki, in rufe, in ajiye a wuri mai ɗumi. Idan garin ya yi aiki, washegari za a ga fili a kewayen ramin, inda ƙwayoyin suka kasa matsowa. Mun daɗe ba mu ga wannan fili ba. Akwai lokacin da ƙwayoyin suka hau har kan garin suka yi shimfiɗa. Ni raina ya ɓaci, ke kuwa kika ɗaga farantin sama kika ce, "Ikon Allah! Ashe taki nake yi musu." Kika koma kika sauya zafin tanda, kika sauya yawan ganye, kika sauya har lokacin da ake tsinko shi. Ranar da fili ya fara bayyana, siriri kamar zobe, ba ki yi ihu ba. Zama kika yi a kan kujerar katako, kika rufe fuska da tafin hannu, kika daɗe a haka. Da kika ɗago sai kika ce a sake, don sau ɗaya ba shaida ba ce.

Ba zan ambaci tandar nan ba ban ambaci maigidanki ba. Mai gyaran lantarki ne, amma ke Injiniya kike ce masa, mu ma muka bi bakinki. Tandar ta girme mu duka, kuma ba ta da aiki sai mutuwa a tsakiyar gashi. Sau nawa kika kira shi ya baro shagonsa, ya zo da jakar kayan aiki, ya kwanta a ƙasa yana tsintar wayoyi? Yana gyara yana mita, wai shi ne na uku a wannan aure, ke da tanda kuna gaba, shi yana bin baya. Ke kuma kina tsaye a kansa kina haska masa fitilar waya, kina cewa ya yi haƙuri, idan aka yi nasara da sunansa za a kira maganin. Ɗalibai sukan ƙi tafiya don kawai su saurari wannan faɗan naku.

Akwai wata ɗaliba da ta yi tuntuɓe da wayar na'ura, ta kifar da tulun gilashi da ke ɗauke da aikin watanni. Ta tsaya a cikin fasassun gilasai tana kuka. Kika zo kika fara duba tafin ƙafarta ko ta yanke. Sannan kika ce, "Share hawayenki, 'yata. Bishiyar gwaibar tana nan, ba ta je ko'ina ba." Washegari ku biyu aka gani a ƙarƙashinta da kwando. Yarinyar nan yanzu malama ce a wata makaranta, kuma ta yi tafiyar yini guda don ta zo gaisuwarki.

Ni kuwa abin da kika yi mini ba kowa ya sani ba. Shekarar da na haifi ɗana bai zo da rai ba, na yi makonni ban iya fita ƙofar gida ba. Mutane suna zuwa suna ta ba ni baki, har na fara ƙin ganin mutane. Ke ba ki zo da wa'azi ba. Kina tashi daga aiki sai ki biyo, ki shiga kicin ki ɗora ruwa, ki kwashe wankin da ya taru, ki zauna a bakin gado kina ba ni labarin wanda ya yi faɗa da wa a wurin aiki. Sai da na koma na tarar kin karɓi darussana duka, kin kuma koyi yadda ake ciyar da ƙwayoyin da nake ajiye da su don kada su mutu, ke da kike ƙyamar warinsu. Da na buɗe baki zan yi godiya, kika ce in bari, ai ƙanwa ba ta yi wa yaya godiya. Daga ranar na daina ce miki Malama.

Abin da ya kai ki asibiti ƙaramin abu ne a idon kowa. Kin fito daga ƙofar makaranta za ki tsallaka titi, wani mai babur ya kauce wa rami ya ɗebe ki. Ƙafa ta karye ƙasa da gwiwa, ƙashi ya fasa fata. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe, likitoci suka ce lafiya lau. Muka je dubiya muna zolayarki, muna cewa ƙarfen da kika daɗe kina dafawa ne ya biyo ki har cikin jiki. Kina dariya, kina tambayar ko an juya ganyen da kika bari a shanya.

Sai raunin ya ƙi rufewa. Ya fara ruwa, ya fara wari, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa. Aka ba ki magani, aka sauya, aka sake sauyawa, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Likitan da ke kula da ke mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙwayar da ta shiga raunin irin wadda ta saba da magunguna ce, duk abin da suke da shi an gwada a kanta, ba ta ko gezau ba. Ina tsaye ina jin sa, kuma na fi kowa a ɗakin fahimtar abin da yake faɗa, domin irin waɗannan ƙwayoyin su ne sana'ata. Wannan sanin bai amfana mini komai ba, sai dai ya hana ni irin fatan da sauran mutane ke yi.

Ke ce kika ce in gwada. Kika kama hannuna kika ce in roƙi likita ya ba ni ƙwayar da aka ɗebo daga ƙafarki, in ɗora mata garinmu. Na ce me amfanin haka? Kika ce, "Ina so in san wanda nake faɗa da shi." Likita ya amince, na ɗauko, na shimfiɗa faranti biyu. Washegari na buɗe su. Farin garin zinki ya yi ɗan fili, ba wani abin a zo a gani ba. Amma baƙin garin tagulla ya share ƙwayar kusan har bakin faranti. Tun da muke aiki ban taɓa ganin fili mai faɗin wannan ba.

Na ɗauki hoto a waya na kawo miki. Injiniya yana zaune a gefen gado yana yi miki fifita, ya leƙo ya gani. Shekarun da ya yi yana shiga ɗakin gwajinmu sun isa ya san ma'anar wannan fili. Ya miƙe tsaye ya ce, "To me ake jira? A ɗauko a zuba mata!"

Ni da ke mun san abin da shi bai sani ba. Watanni kafin haɗarin, mun gwada garin nan a kan jini, naki da nawa, wanda muka ɗiba a 'yan kwalabe. Na zinki bai taɓa jinin sosai ba. Na tagulla kuwa farfasa ƙwayoyin jinin ya yi, kwalbar ta koma ja garau kamar an zuba rini. Ko a jikin ɓera ba mu kai ga gwada shi ba. Ba mu san adadin da jiki zai iya ɗauka ba, ba mu san abin da zai yi wa ƙoda ba, kuma a lokacin ƙodarki ta riga ta fara gajiya da magunguna.

Likita ya ce ba zai iya sa wa mara lafiya abin da ba a taɓa gwadawa a jikin mai rai ba. Injiniya ya juyo gare ki yana roƙo, kamar ke ce ke riƙe da mabuɗi. Kin daɗe kina kallon hoton, Yaya. Na ga kina so. Wa zai ƙi so? Kika ƙara girman hoton da yatsu, kina auna faɗin filin da ido kamar yadda kika saba. Can kika miƙo mini wayar, kika ce masa, "Injiniya, faranti ba shi da ƙoda, ba shi da 'ya'ya. Idan aka zuba mini na mutu, ba wanda zai san ko cutar ce ko garin ne. Kuma ƙanwar nan tawa ce za ta ɗauki nauyin har ta mutu." Kika juya fuska wajen bango. 

Washegari da safe Injiniya ya same ni a ɗakin gwaji. Ya san kabad ɗin da kwalaben garin suke, shi ya ɗaura masa kwaɗo da hannunsa. Bai taɓa kabad ɗin ba. Tsayawa ya yi a gabana ya ce, "Ƙanwata, don girman Allah. Ba wanda zai sani. Ɗan kaɗan, a bakin raunin kawai." Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce shi ya gyara tandar da ta gasa garin nan, yana da haƙƙi a cikinsa. Na ce gaskiya ne, amma ba zan iya ba. Sai ya zauna a kan kujerarki, babban mutum mai furfura, ya kifa kai a kan tebur yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ni ma na zauna a ƙasa ina yi. Ɗalibai suka zo ƙofa, suka gan mu, suka juya.

Daga baya aka yanke shawarar cire ƙafar, kika yarda ba musu. Har kika ce a gaya wa ɗalibai su nemo kujera mai taya wadda za ta shiga tsakanin teburan ɗakin gwaji. An cire, amma cutar ta riga ta bi jini. Kwanakin da suka biyo baya ba zan rubuta su ba. Abin da zan faɗa kawai shi ne, duk sanda kika farfaɗo, sunan Allah ne a bakinki, sai kuma tambayar ko autanki ya ci abinci. Mahaifiyarki tana riƙe da hannunki lokacin da rai ya yi halinsa.

Na koma aiki a makon da ya wuce. Kwalaben suna jere a kabad, kowace da rubutun hannunki a jiki. Ɗalibanki na ƙarshe sun zo sun kewaye ni, suna tambayar yadda za a yi da aikinsu, wa zai duba musu, a wane zafi za su gasa. Na ce musu ni ƙwayoyin cuta na sani, ban san tanda ba. Shugaban sashe ya ce za a nemo wani malami, amma kowa da aikin da ya sa a gaba, kuma ba wanda ya san ganyen nan kamar ke. Wataƙila wani a wata ƙasa zai gano yadda za a rage wa garin tagulla kaifi, ya bar jini ya kama cuta. Wataƙila ma an kusa. Ko an yi, ke ba ki jira ba.

Ranar da na je gidanki bayan an watse daga zaman makoki, na tarar da 'yar farinki a kicin tana wanke kofuna. Ita ce wadda za ta gama sakandare bana, mai irin goshinki. Na karɓi tsumma ina goge mata. Ba ta dube ni ba ta ce, "Anti, Baba ya gaya mini zancen farantin. Da an zuba mata, da ta warke?"

Na so in ce mata a'a, don hankalinta ya kwanta. Na so in ce kwana ne ya ƙare, wanda kuma gaskiya ne. Amma ba wannan ta tambaye ni ba, kuma 'yarki ce, za ta gane idan na kauce. Na ce mata, "Ban sani ba." Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke. Na yi shekaru ina koyarwa, ina amsa tambayoyin ɗalibai, amma tambaya ɗaya da ta fi kowace muhimmanci a rayuwata, amsar da nake da ita ke nan, kuma ba na jin za ta taɓa sauyawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta binne 'yar da take sa ran ita za ta binne ta. Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya sa wannan rashi ya zama mata nauyi a mizani. Ina miƙa ta ga Injiniya, wanda bai bar gefen gadon nan ba sai don neman abin da zai cece ki. Yayana, na san har yanzu ganina yana yi maka nauyi, kuma ban ga laifinka ba. Allah Ya ba ka haƙurin da ya fi ƙarfin namu, Ya taya ka riƙon yaran nan. Ina miƙa ta ga 'ya'yanki uku, da ƙannenki, da ɗalibanki na da da na yanzu, da duk wanda ya taɓa cin alherinki bai sami damar gode miki ba.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka bayan ta sha jinya ba ta yi Maka ƙorafi ba. Ka sa ciwon da ta ɗanɗana ya zama kankarar zunubanta. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, Ka sa ta cikin bayinKa da Ka yarda da su. Ilimin da ta koyar da alherin da ta shuka, Ka sa ladansu ya riƙa iske ta har ranar tsayuwa. Mu kuma da muka tsaya a kanta da iliminmu da hannayenmu, muka kasa yi mata komai, Ka ji tausayin rauninmu. Kai kaɗai Ka san abin da ba mu sani ba. Ka ba mu ikon barin sa a wurinKa, kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Amin.